Shafukan shari'a a kan kalandar Obsidian: a ja su ko a bar su inda suke?

Barista Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu amfani da Obsidian, manhajar nan ta ajiye rubuce-rubuce a kwamfuta da waya. Kowace shari'a da ke hannuna tana da shafinta guda: sunayen ɓangarori, lambar ƙara, abin da aka yi a zaman baya, da abin da ya kamata in shirya. So nake in buɗe kalanda in ga shafukan nan zaune a kan ranakunsu, in duba Laraba in ga shari'o'in da nake da su, in taɓa ɗaya shafinta ya buɗe. Yanzu ranakun suna cikin dayarin takarda, bayanan kuma suna cikin kwamfuta, kullum sai na haɗa su da ido. Na saka wani fulogin (ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa manhajar) mai suna Calendar, amma ɗigo-ɗigo kawai yake nuna min a ƙasan ranaku. Akwai mafita?

Injiniya Bash: Wa alaikumus salam Barista. Wancan da kika saka na Liam Cain ne, kuma ba aikinsa ba ke nan. Shi don shafukan kullum aka yi shi, wato shafi ɗaya ga kowace rana. Ɗigon da kike gani yawan kalmomin da aka rubuta a ranar yake nunawa, in ba ki canza saitin ba kowane ɗigo kalma 250. Wanda kike nema shi ne Full Calendar na Davis Haupt. Za ki ware masa folda, ki ce masa wannan ita ce kalandata, sai ya riƙa karanta saman kowane shafi da ke ciki. Saman shafin haka yake kasancewa:

---
title: Zaman sauraron shaidu
date: 2025-03-12
startTime: 09:00
endTime: 11:00
allDay: false
---

Duk abin da kika rubuta a ƙasan layukan nan naki ne, ba ruwansa da shi. A kalandar za ki ga akwati ranar 12 ga Maris daga ƙarfe 9 zuwa 11, kina buɗe shi ki faɗa cikin shafin. Yana nuna wata, mako, ko yini. In kika ja akwatin da linzami zuwa wata rana, da kansa zai gyara kwanan watan da ke cikin shafin, har sunan fayil ɗin yana canzawa, don kwanan watan ne a farkon sunan.

Abu ɗaya ki kiyaye: shekara, wata, sannan rana. Tsarin ISO 8601 ke nan. In kika rubuta 03/04/2025 ba zai gane ba, kuma da gaskiyarsa, mu 3 ga Afrilu muke nufi, Ba'amurke kuma 4 ga Maris zai karanta.

Barista Sadiya: Kai, Allah ya saka da alheri Injiniya. Wannan jan akwatin ma shi ya fi burge ni. Aikinmu rabinsa ɗage zama ne. Alƙali yana cewa an ɗage zuwa 30 ga Afrilu, sai in ja kawai.

Malam Tanimu: 'Yata, tsaya tukuna. Ni ban san wannan manhaja ba, ban taɓa buɗe ta ba, amma na yi aikin magatakarda a kotu har na yi ritaya. Bash, in tambaye ka. In ta ja akwatin nan daga 12 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu, me ya rage a kan 12 ga Maris?

Injiniya Bash: Babu komai Baba. Wurin zai koma fili.

Malam Tanimu: To ka ga matsalar. Ranar da aka ɗage ai ba ta mutu ba. An zauna, an kira ƙara, wani ya zo wani bai zo ba, wani ne ya nemi ɗagewar, kuma akwai dalilinsa. Wata rana lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya ce ke ce kike jan ƙafa. Da me za ki kare kanki? Da jerin ranakun nan: ranar kaza shaidarsu bai zo ba, ranar kaza lauyansu ya aiko takardar rashin lafiya, ranar kaza kotu ce ba ta zauna ba. Shi ya sa a bangon fayil ba a goge tsohuwar rana, a ƙasanta ake rubuta sabuwa. Duk abin da zai shafe miki tsohuwar rana, komai daɗin amfaninsa, ki yi hattara da shi.

Abban Ikram: Baba ya gama magana wallahi. Amma ni abin da ban gane ba, me ya sa kuke wahalar da kanku da Obsidian? A Notion, wata manhajar tsara rubutu da bayanai, wannan ba fulogin ake nema ba. Ki buɗe rumbun bayanai, ki sa masa gurbin kwanan wata, ki ce a nuna miki shi a siffar kalanda, an gama. Kowane akwati shafi ne cikakke. Ga tacewa: nuna min na wannan kotun kaɗai, nuna min waɗanda ba a shigar da takardunsu ba. Ga tunatarwa a kan kwanan watan. Tun Janairun 2024 ma suna da Notion Calendar, wadda asalinta Cron ce da suka saya a 2022, tana jera maka rumbunka gefe da gefe da kalandar Google.

Injiniya Bash: Abban Ikram, a Notion ɗin ma in ka ja akwati tsohuwar ranar tafiya take yi. Matsalar da Baba ya kawo ba ta manhaja ba ce, ta yadda aka tsara shafukan ce.

Abban Ikram: Na yarda. Amma dai can wayarka za ta yi ƙara.

Injiniya Bash: Za mu zo kan wannan. Bari in fara warware na Baba. Barista, kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki shari'a a matsayin abin da ke kan kalanda. Shari'a ba ta da rana ɗaya, zama ne yake da rana. Saboda haka ki yi folda biyu. Ɗaya ta shari'o'i, kalanda ba ta ganinta ko kaɗan, nan manyan shafukanki za su ci gaba da zama. Ɗaya ta zaman kotu, ita ce za ki ba Full Calendar. Kowane zama ƙaramin shafi ne, layin farko mahaɗi zuwa uwar shari'ar cikin baka biyu-biyu, kamar [[Ƙarar filin gado]]. An ɗage? Ba ki ja komai ba. Ki rubuta abin da ya faru a shafin yau, ki buɗe sabo a ranar da aka sa. In kika koma uwar shafin, sashen mahaɗan da ke nuno shi zai jero miki duk zaman da aka yi, kuma tunda sunayen da kwanan wata suka fara, kina iya jera su bi da bi.

Ja yana da ranarsa. In rajista suka kira suka ce an canza ranar tun kafin a zauna, wannan sai ki ja, babu tarihin da ya ɓata.

Malam Tanimu: Ko wannan ɗin ni da zan rubuta wanda ya kira da lokacin da ya kira. Amma dai yanzu kun hau hanya.

Barista Sadiya: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Sai dai Injiniya, ina tsoron yawan shafuka. Shari'a ɗaya ta filaye sai ta yi shekaru tana tafiya. Ba zan wayi gari da dubban ƙananan fayiloli ba?

Injiniya Bash: Za ki wayi gari da su, amma rubutu ne zalla, kowanne bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, ko kusa. Abin da yake damun mutane shi ne suna cika sakamakon bincike. Wannan akwai saitin da ake cire folda daga bincike.

Nazifi Tela: Ni fa a nan na saɓa da Injiniya. Salamu alaikum. Ba lauya ba ne ni, ɗinki nake yi, amma irin ciwon ɗaya ne: ranar alƙawari. Na gwada shafi ɗaya ga kowane ɗinki, ana shiga azumi abin ya fi ƙarfina. Mutum yana tsaye da shaddarsa a hannu, tef a wuyana, alli a hannuna, ina zan tsaya buɗe sabon fayil in cike layuka biyar? Full Calendar ɗin nan yana da hanya ta biyu: ka nuna masa wani kan magana a cikin shafin kullum, duk layin da ka jera a ƙarƙashinsa ya zama akwati a kalanda. Layi ɗaya, an wuce wurin. Awon mutum kuma, kafaɗa, hannu, tsawo, wuya, yana shafinsa na dindindin, sai dai in sa mahaɗi. Mako biyun ƙarshe kafin sallah ina buɗe kalandar in ga ranar da ta cika maƙil, in ce wa mai kawo kaya, yallaɓai sai dai bayan sallah. Da can kunya ce take sa in karɓa.

Injiniya Bash: Naka daidai ne a wurinka Nazifi, don ɗinki ba ya buƙatar dogon bayani a ranar karɓa. Ita Barista zaman kotu ɗaya sai ya ci shafi biyu na tambayoyin da aka yi wa shaida. In ta zuba wannan cikin shafin kullum, shari'a uku za su cakuɗe a wuri ɗaya. Ma'aunin ke nan a ganina: in abin yana da ciki, a ba shi shafinsa. In tuni ne kawai, layi ya ishe shi.

Nazifi Tela: To ai sai ta haɗa biyun. Zama ya samu shafi, "kai takarda rajista" ya samu layi.

Injiniya Bash: Yana yiwuwa, ana sa kalanda fiye da ɗaya, kowace da launinta.

Ɗan Gumel: Tunda an zo nan bari in sako tawa. Ina harkar dabbobi, Alhamis ina Maigatari, Juma'a ina Wudil. Na sa su a matsayin abin da ke maimaituwa duk mako. Ya fito kyau a kalanda, amma kowace Alhamis na taɓa, shafi ɗaya tak yake buɗe min. Ni kuma so nake kowace kasuwa in rubuta farashinta daban, nawa aka sayar da ɗan maraƙi, nawa dillali ya ci, nawa kuɗin mota.

Injiniya Bash: Haka aka gina shi Alhaji. Abin da ke maimaituwa fayil ɗaya ne mai ɗauke da doka: ranakun mako kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Akwatunan da kake gani lissafo su ake yi, ba su da jiki. Ka bar mai maimaituwar ya zama alama kawai, farashin ka rubuta shi a shafin kullum na ranar, ka sa mahaɗi zuwa [[Maigatari]]. Bayan wata shida ka buɗe shafin Maigatari ka ga duk Alhamis ɗin a jere. In kana gyara saman shafin da hannu kuma ka lura, harafin Alhamis R ne, T na Talata ne, Lahadi kuma U.

Ɗan Gumel: Madalla. Sai na biyu: yana sanin watan Musulunci? Cinikinmu da Zulhajji yake tafiya.

Zulai Kumasi: Alhaji, bai sani ba. Kalandar Google tana iya nuna kwanan Hijira a gefen na Bature in ka kunna a saiti, amma lissafi ne, yana iya saɓawa da kwana ɗaya da abin da Sarkin Musulmi ya sanar bayan ganin wata. Ni abin da nake yi, in an sanar da tsayuwar wata sai in buɗe abu na yini guda in rubuta "1 ga wata kaza", sauran in ƙirga daga nan.

Kuma ina da gargaɗi ga masu hulɗa da ƙetare. Ku dubi misalin da Injiniya ya kawo a sama: an rubuta 09:00, ba a ce tara ta ina ba. Ina karatu ta intanet da wata malama a Kano, kuma ku kuna gabanmu da awa ɗaya, Ghana tana kan GMT. In aka turo min shafi an rubuta ƙarfe 5, to 5 zai nuna min, alhali a nan 4 ne. Kalandar gaske tana ajiye yankin lokaci tare da sa'ar, ta juya maka da kanta. Wanda zai tafi Umara ma ya tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu.

Abban Ikram: Kun gani ko? Ba yankin lokaci, ba Hijira, maimaituwa rabi da rabi. Injiniya, ka ce za mu zo kan maganar ƙara. Mun zo.

Injiniya Bash: Mun zo, kuma ba zan ɓoye ba: Full Calendar ba ya tunatarwa. Nuni kawai yake yi. Akwai wani fulogin mai suna Reminder, amma sai Obsidian yana buɗe yake aiki, a waya kuma ba ya iya turo sanarwa irin ta sauran manhajoji. Wayarki tana cikin jaka, ba abin da zai motsa.

Barista Sadiya: Wannan babba ce. Akwai wa'adin da in ya wuce sai ka nemi izinin kotu kafin ka shigar da takarda, wani lokacin har da tara. Ba abin da zan bar wa "in na tuna na buɗe" ba ne.

Injiniya Bash: Shi ya sa nake raba aiki. Duk abin da dole sai an tashe ni, yana kalandar Google, ita ke ƙara. Sannan in jawo ta cikin Obsidian. A saitin kowace kalandar Google akwai adireshin sirri na tsarin iCal, ki kwafe shi ki ba Full Calendar, sai abubuwan can su bayyana kusa da shafukanki. Tsarin tsoho ne, tun 1998 aka fitar da ƙa'idarsa, aka sabunta a 2009, shi ya sa kusan kowace kalanda tana jin yarensa. Amma kallo kawai za ki yi, ba ki iya gyara na Google daga cikin Obsidian, kuma shafukanki ba sa tafiya can.

Abban Ikram: Wato ta rubuta rana a wuri biyu. Abin da ta gudo daga gare shi ke nan tun farko! Taura biyu ba ta taunuwa, Injiniya. Ranar da ta canza ɗaya ta manta ɗaya, wacce za ta gaskata?

Injiniya Bash: Ba duka za ta rubuta sau biyu ba, wa'adi kaɗai. Kuma ta yanke tun yau wacce ce uwa. In sun saɓa, uwar ce gaskiya.

Abban Ikram: A Notion wuri ɗaya ne, kuma yana ƙara.

Zulai Kumasi: Abban Ikram, har sai ka shiga inda ba sabis. Na san sun kawo aiki ba tare da intanet ba a 2025, amma sai ka riga ka zaɓi shafukan da za a sauke maka. Obsidian fayilolin suna cikin na'urarka tun asali.

Barista Sadiya: Anti Zulai kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wasu ɗakunan kotun kana shiga sabis ya ɗauke. Sannan akwai sirrin wanda nake karewa. Ga dokar kare bayanai ta 2023, ga ƙa'idar aikinmu. Hankalina ya fi kwanciya bayanan shaidu su zauna a kwamfutata.

Injiniya Bash: To a kan wannan ki riƙe abu biyu. Adireshin sirrin nan na Google, duk wanda ya same shi zai karanta kalandarki ba tare da kalmar sirri ba. In kina zargin ya fita, akwai maɓallin sake shi. Kuma a can kada ki rubuta sunan kowa, lambar ƙara ta isa. Na biyu, fulogin na jama'a yana iya karanta duk abin da ke rumbunki, shi ya sa Obsidian yake zuwa da su a kashe sai ke kin kunna. Kada ki tara su barkatai.

Malam Tanimu: Wanda ya rubuta wannan fulogin ɗin, in ya gaji ya bari fa?

Injiniya Bash: Tambaya mai kyau Baba, don ainihin Full Calendar ɗin ya daɗe ba a sabunta shi ba. Amma ko ya daina aiki gobe, kwanan watan yana nan a rubuce cikin kowane shafi, ko da Notepad za a karanta. Wani fulogin mai suna Dataview zai iya jero su da layi huɗu:

TABLE date
FROM "Zama"
WHERE date >= date(today)
SORT date ASC

Wannan zai ba ta duk zaman da ke gaba, na kusa a sama. Ni a waya ma shi na fi so, don kalandar wata guda a ƙaramin allo sai ka ƙanƙance ido, sunayen duk a gutsure.

Nazifi Tela: Gaskiya ne, a waya ni jerin mako nake buɗewa. Ja da yatsa kuma ban yarda da shi ba, ɗan zamewa kaɗan ɗinkin Asabar ya koma Lahadi ba ka lura ba.

Ɗan Gumel: Yaya kuke yi waya da kwamfuta su zama abu ɗaya? Ni har yanzu da igiya nake kwafewa.

Injiniya Bash: Akwai Obsidian Sync na kuɗi, akwai Syncthing kyauta. Da Syncthing, in ka gyara shafi ɗaya a wuri biyu kafin su haɗu, zai ajiye kwafi na biyu mai "sync-conflict" a sunansa. Da yake kwafin yana cikin foldar kalanda, sai ka ga abu ɗaya ya fito sau biyu. In ka ga tagwaye a rana ɗaya, nan za ka fara dubawa. Amma wannan maganar ta cancanci zarenta daban.

Admin: E, a buɗe mata wani zaren don Allah, kada wannan ya watse.

Abban Ikram: Ni dai ina nan kan bakana. Tsarin da sai ka haɗa fulogin biyu da kalandar waje kafin ya tsaya da ƙafarsa, ba zan ba wanda aikinsa ya rataya a kan wa'adi ba. Barista, in kin gaji ki zo in nuna miki rumbu biyu masu alaƙa, ɗaya na shari'o'i ɗaya na zama. Tsarin Injiniya ne sak, sai dai yana ƙara.

Barista Sadiya: Ban ƙi ba Abban Ikram, amma bari in fara da abin da ke hannuna. Ga abin da na tsayar: folda ta shari'o'i, folda ta zama, ba ja in an ɗage. Wa'adin shigar da takardu yana Google da lambar ƙara kawai, tunatarwa mako guda kafin ranar da kuma ana gobe. Uwa kuma dayarin takardar ce har yanzu, don ita nake riƙe da ita lokacin da alƙali yake faɗin rana, da yamma in shigar.

Injiniya, saura abu ɗaya. In na buɗe sabon zama daga cikin kalandar, shafin fanko yake fitowa. Ina so ya zo da gurabensa a shirye: wanda ya halarta, wanda ya nemi ɗagewa, dalili, umarnin kotu.

Injiniya Bash: Ki kunna Templates, yana cikin waɗanda Obsidian ya zo da su, ba sai kin sauke komai ba. Ki rubuta guraben nan a shafi ɗaya cikin foldar samfura, ki ɗaura wa umarnin saka samfuri maɓallin gaggawa. Kina buɗe sabon zama, ki ajiye alamar rubutu a ƙasan layukan sama, ki danna, ki zaɓi samfurin. Kada dai ki sa layin date a cikin samfurin, ki bar wa kalandar wannan.

Malam Tanimu: Ki ƙara gurbin sunan alƙalin da ya zauna, 'yata. Ana canza su a tsakiyar shari'a, wani lokacin har a faro ta daga farko.

Barista Sadiya: Na ƙara, Baba.